Karen Jatau Mai Ɗaga Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe.

Wani maharbi, Jatau, ya sami kare daga Faransa. Karen nan ba ya bin tsuntsu da gudu. Da ya sansano shi sai ya ƙame, ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Wayyo abokina, ƙaya ka taka?"

Fakara sarkin tsokana ta tashi fir, tana cewa, "Gurgu aka kawo mana!"

Kwana uku ana haka. Ran na huɗu kare ya ce, "Maigida, ƙafata lafiya lau. Dubi inda hancina ya nuna!"

Jatau ya duba, ga Fakara laɓe tana ƙunshe dariya. Ya saki kibiya.

Ranar Jatau ya sha romo, kare ya sami cinya.

Ƙurunƙus kan fakara, yau ɓera ya huta!