Maƙerin da Ya Ƙona Gidansa

Za ka iya rushe gidan da ka gina da hannunka don kada wuta ta mutu?

Akwai wani maƙeri, Luka Fomich, da ya bar maƙerar ubansa ya tafi duwatsun Ural a ƙasar Rasha. Shekara uku yana gina murhun narka tama a bakin kogi. Ruwan kogin ke juya wani ƙaton gargaren katako, gargaren kuma ke zuga wutar.

Kwana tara da kunna murhu, sanyi ya sauko da wuri. Ƙanƙara ta kama gargaren, ya tsaya cak. Kowa ya san sauran: in zuga ta tsaya yini guda, ƙarfen zai daskare a ciki, sai dai a fasa murhun.

Tsoho Yerofey mai gawayi ya tofar da yawu. "Ɗana, na ce maka ka yi wa gargaren rumfa, ka ce sai baɗi. To ga baɗin ta zo."

"Na ji, Baba. A rufe shi yanzu, a hura wuta a gefensa."

"Da wane itace? Na daji ɗanye ne, gawayina kuwa murhu ke ci."

Luka ya juya ya dubi sabon gidansa. Gumaguman da ya gina shi da su sun bushe sarai. Ya ɗauki gatari.

Matarsa Avdotya ta leƙo da ludayi a hannu. "Maigida, lafiya kake sarar mini bango?"

"Gidan nake so, Dunya."

"Duka?"

"Duka."

Ta daɗe tana kallonsa. "To, bari in sauke miyar kabejin. In za ka haukace, haukace da abinci a ciki."

Ma'aikatansa shida suka kama zuga-zugi da hannu, saura suna jan gumagumai zuwa wutar. Avdotya da kanta ta ɗauko ƙyaure. Tafin hannun Luka ya fashe, bai ajiye gatarin ba.

Kafin rana ta faɗi, ƙanƙarar ta narke, gargaren ya yi ƙara, ya motsa. Da aka huda murhu, ƙarfe ya kwararo jawur.

A ɗan ɗakin wankan tururi suka ƙarasa hunturun, su biyar har da 'ya'yansu. Jikokinsa sun gaji masana'anta goma sha ɗaya.

Darasi: In kuskurenka ya kama ka, amsa shi, ka biya da abin da ke hannunka, ka ceci babban aikin. Tura wa wanda ka san yana dab da sarewa yau.