Kunamar Kogon da Ba Ta Samu Suna Ba

Akwai wata ɗaliba a Unguwar Rogo cikin birnin Sakkwato, sunanta Wasila, 'yar wani mahauci da ake kira Illo. Tana karatun digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi, kuma abin da ta zaɓa ta bincika sai da ya sa 'yan ajinsu dariya.

Wata 'yar halitta ce da ke zama cikin kogo, girmanta bai fi ƙwayar riɗi ba. Tana da hannuwa biyu kamar na kunama, amma ba ta da wutsiya balle ƙari, ba ta cutar da kowa. Wasila tana kiranta kunamar kogo.

Duk ranar Asabar, bayan ya sallami masu sayen nama na safe, Baba Illo yakan goya ta a babur zuwa wani kogo da ke bayan gari. Shi ya zauna a bakin kogon yana jan carbi, ita ta shiga da tocila da ɗan buroshi, ta durƙusa cikin kashin jemagu tana ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ta samu biyu, wata rana ta fito hannu wofi, kayanta na wari.

Gane jinsin wannan halitta aiki ne mai cin ido. Sai an sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, an ƙirga gashin da ke kan hannunta, an duba jerin haƙoran hannun, an auna kowace gaɓa, sannan a gwada da waɗanda masana suka riga suka sani.

Can ƙuryar kogon, inda haske ba ya kai wa, Wasila ta gamu da wasu farare fat, marasa ido, masu dogayen ƙafafu. Ta duba duk bayanan da ta iya samu, ba ta ga irinsu ba. Ta sa su cikin kwalabe da ruwan adanawa, ta kai wa malamin da ke duba aikinta, Dakta Gazali.

Dakta Gazali mutum ne mai ilimi, ba a musun wannan. Amma sau ɗaya ya taɓa zuwa kogon, shi ma warin jemagu ya mayar da shi cikin mota. Da ya leƙa madubin, sai ya miƙe zaune.

“Wannan sabon jinsi ne. Cikin watan nan za mu fitar da shi.”

“Malam, a gafarce ni,” in ji Wasila. “Waɗanda na samu duk 'ya'ya ne, gashin hannunsu bai cika ba. Sai mun samu manya, mace da namiji, kafin mu tabbatar. Ina jin bayan damina suke fitowa.”

Ya dube ta sama da ƙasa.

“Ke za ki koya mini aikina? Ana duba takardun ƙarin girma a bana, ke kina ce mini bayan damina. Ajiye kwalaben nan ki je.”

Ta ajiye. Da ta dawo mako na gaba, ta tarar an sauya makullin ɗakin gwaji. Da ta je ofishinsa, ya ce ai aikin ya fi ƙarfin ɗaliba, ta nemi wani abin ta bincika. Ta kai kuka wajen shugaban sashe, ya ce ta yi haƙuri, malami uba ne. Aikin da ta yi kusan kammalawa ya koma kamar ba ta fara ba.

Ranar da ta ga labarin gano sabon jinsin a shafin sada zumunta, da hoton Dakta Gazali riƙe da kwalbarta ana taya shi murna, ba ta iya cin abinci ba. Ko a cikin godiya babu sunanta.

Baba Illo ya same ta zaune a zaure.

“Ɗiyata, mi anka yi?”

Ta nuna masa wayar. Ya daɗe yana kallon hoton.

“Wanga ba shi ne ya gudu ya koma mota ba?”

“Shi ne, Baba.”

“To bar shi. Allah na gani.”

Dakta Gazali ya aika bayaninsa ga wata mujallar masana a ƙasar waje. Amsa ta dawo a taƙaice: waɗannan 'ya'ya ne, ba a raɗa wa sabon jinsi suna da su, a kawo manya.

Lokaci ya ƙure masa. Kiran Wasila kuma yana ganin zubar da girma ne. Sai ya ɗauki leburori da shebur da buhuna ya kai su kogon. Ya ce su kwashe ƙasar ƙuryar gaba ɗaya, a kai masa ya tace a ofis. Jemagu suka hana su aiki, sai ya ce a tura musu hayaƙi. Aka tara kara da tsofaffin tayoyi aka cinna. Da suka gama, ya ce wa manoman ƙauyen da ke kusa su kwashe sauran kashin jemagun su yi taki.

Buhunan suka kwana biyu a bayan mota cikin zafin Sakkwato. Da aka buɗe, duk abin da ke da rai a ciki ya mutu, ya niƙe cikin ƙasa. Kwalaben Wasila kuma, da ya bari a kan taga ba a ƙara musu ruwan adanawa ba, sun bushe ƙarau.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, motarsa ta tsaya a ƙofar gidan Baba Illo. Ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Tsohon ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya kira 'yarsa.

“Wasila,” in ji Dakta Gazali, “abin da ya wuce ya wuce. Idan kin ɓoye wasu a gida, ki ba ni. Wannan karon sunanki zai fito.”

“Ban ɓoye ko ɗaya ba, Malam. Duk na ba ka, don na ɗauka amana ce. Amma damina ta wuce, manyan sun fito yanzu. Gobe sai in je.”

Ya sunkuyar da kai. Ita ba ta san abin da ya aikata ba.

Washegari ta je. Tun daga nesa ta ga bakin kogon ya yi baƙi. A ciki babu kukan jemage ko ɗaya, sai ƙaurin roba. Ƙasan an kankare shi har dutse. Ta durƙusa duk da haka, ta ɗaga duwatsun da suka rage har gwiwoyinta suka yi jini. Ta sake komawa bayan wata guda, ta koma da damina ta zagayo. Ta bi sauran kogunan yankin. Ba ta sake ganin ko ɗaya ba.

Labarin hayaƙin ya kai jami'a ta bakin manoman. Aka kafa kwamiti, aka jingine ƙarin girman Dakta Gazali, ɗalibai suka daina zaɓensa. Wasila ta kammala digirinta a makare, da bincike kan gara. Mutane suka yi ta ce mata ai Allah ya saka mata.

“Ni ba faɗuwarsa na nema ba,” ta ce wa mahaifinta. “Allah ya halicce su can cikin duhu tun kafin kakanninmu. Ni na nuna hanyar gidansu, Baba. Da ban kai masa ba, da suna nan.”

Baba Illo ya ɗauko carbinsa ya fara ja.

Darasi: Girman kai da gaggawa ba mai su kaɗai suke cuta ba, har wanda bai ji ba bai gani ba suna shafa, kuma akwai ɓarnar da neman gafara ba ya gyara ta. Idan na ƙasa da kai ya ce a dakata, saurare shi, kada ka danne haƙƙinsa don kana sama. Ku tura wa malamai da ɗalibai da duk wanda aka ba amanar wahalar wani.