Inuwar da Ta Janye Ta Bar Godiya

Akwai wani mutum mai lambu a bakin fadama. Ba shi da wadata, ba shi da yawan magana, amma a duk ƙauyen babu wanda ya kai shi iya renon attarugu. Kowace shekara yakan zaɓi 'ya'yan da suka fi girma da ja, ya shanya su, ya cire irin, ya ƙulle a tsumma, ya rataye inda ɓera ba ya kaiwa. In bazara ta shigo sai ya gyara fangali ɗaya ya yafa irin, domin kafin ruwan farko ya sauka tsiron ya isa dashe.

Wanda ya san bazara ya san abin da take yi wa tsiro ɗan kwana goma. Saboda haka mutumin nan ya kafa wa fangalinsa 'yar rumfa, tsayinta bai wuce ƙugu ba, ya ɗora zana a kai. Yana kuma da zana ta biyu wadda yake jinginawa a gefe, da safe ta gabas, in rana ta karkata ya mai da ita yamma, don kada rana ta leƙo ta ƙarƙashi. Ya taɓa manta hularsa a coci, ya taɓa manta akuyarsa a kasuwa, amma bai taɓa manta zanar nan ba.

Wata shekara Allah ya ba shi 'ya mace, suka sa mata suna Godiya. Watanta huɗu lokacin da zafi ya kai ƙarshensa. Kullum uwarta takan zo da ita lambu, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar wata ƙaramar gwaiba, ta kama aiki.

Wata rana matar ta ce, "Baban Godiya, ka yi wa yarinyar nan 'yar rumfa mana, irin ta attarugunka."

Ya ce, "Ga gwaiba nan Allah ya kafa mata. Mu wa ya yi mana rumfa? A bayan iyayenmu muka sha rana, ga mu nan ba mu narke ba. Fatarmu ba ta Bature ba ce."

Ta ce, "To, shi attarugun Bature ne?"

Ya ce, "Shi ɗanye ne, ba shi da ƙarfi tukuna."

Ta dube shi, ta dubi yarinyar, ta ci gaba da tsinkar alayyafo.

Bayan 'yan kwanaki gari ya ƙare a gidan, ya zama dole matar ta kai dawa niƙa cikin gari. Hanyar kuwa fili ce fetal, babu bishiya ko ɗaya. Ta ga ba daidai ba ne ta goya jaririya ta bi ta nan da kaya a kai. Sai ta ba ta nono ta ƙoshi, ta kwantar da ita a inuwar gwaiba. Da safe ne, inuwar ta miƙe doguwa zuwa yamma, tabarmar tana can tsakiyarta.

Ta ce, "Baban Godiya, ga ta nan. Ka riƙa jan tabarmar. Inuwa tana tafiya."

Ya ce, "Ni za ki koya wa inuwa?"

Gaskiyarsa ce. Duk fadamar babu wanda ya san tafiyar inuwa kamarsa.

Ta tafi. Ya ɗebo ruwa, ya cire ciyawa, ya durƙusa gaban fangalinsa yana duba ganye ɗaya ɗaya. Da hantsi ya yi, ya ga rana ta fara taɓa layin gefe, ya gyara zana. Can sai ya ji kukan yarinya. Ya ɗaga kai, ya hango gwaiba tana nan inda take, kore shar. Ya ce a ransa, "Tana inuwa. Kewar uwarta ce." Ya sunkuya.

Gwaibar tana nan kam, ba ta je ko'ina ba. Inuwarta ce ta yi ta janyewa kaɗan kaɗan, har ta tattare ta koma gindinta, ta bar tabarmar a fili.

Kukan ya yi ƙarfi, ya jima, sa'an nan ya rage, sa'an nan ya tsaya. Mutumin ya ce, "Madalla, ta yi barci." Da rana ta take tsaka ta fara karkata, ya tashi ya ɗauke zanar gefe daga gabas ya kai ta yamma, daidai lokacinta. Tsakaninsa da tabarmar bai fi taku ashirin ba.

Layi ya yi tsawo wurin niƙa, matar ba ta dawo ba sai da rana ta wuce tsaka. Tun daga nesa ta hango tabarma a rana. Ta saki ƙwaryar gari ta zube, ta ruga.

Jikin yarinyar ya yi zafi kamar dutsen murhu. Leɓunanta sun bushe, maɗigarta ta faɗa, idonta rabi a buɗe. Uwar ta sa mata nono a baki, ba ta kama ba.

"Baban Godiya!"

Ya zo a guje da guga, yana cewa, "Bari in ɗura mata ruwa."

Ta ce, "Ɗura mata me, wadda ba ta iya haɗiya? Kawo nan." Ta jiƙa bakin zanenta tana goga wa yarinyar a kai da wuya da ƙirji. Ta ce, "Asibiti. Yanzu."

Ya dubi hanyar nan da babu bishiya. Ya dubi fangalinsa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana duban ba. Waɗanda suke ƙaunarsa sun ce bai jima ba. Ya fizge zanar saman rumfa, ya ɗaga ta da hannu biyu bisa kan matarsa da 'yarsa, suka kama hanya. Haka ya riƙe ta har cikin gari, bai sauke hannu ba.

Malamar asibitin dattijuwa ce wadda ta ga bazara da yawa. Ta karɓi yarinyar, ta yi abin da za ta yi. Sa'an nan ta wanke hannu ta dubi mutumin, wanda har yanzu yake tsaye da zana a hammata.

Ta ce, "Malam, mece ce sana'arka?"

Ya ce, "Renon attarugu."

"A wannan zafin? Nawa suka ƙone maka bana?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

Ta ce, "Ashe ka iya aikinka." Ta koma ciki.

Kwana biyu suka yi a wurin. A rana ta biyu Godiya ta kama nono, ta yi kuka da ƙarfi, uwarta ta yi dariya da hawaye. Fatar goshinta da kumatunta ta saɓule kamar ɓawon albasa, fatar nan da ubanta ya ce rana ba ta ci.

Da suka koma, mutumin ya nufi lambu. Tsiron duka ya kwanta, ya manne da ƙasa kamar zare. Matar ta ce, "Za ka sake yafawa?" Ya ce, "Iri ya ƙare." Sai ya tuge gwafannin rumfar, ya kai su kusa da gwaiba ya kafa, ya ɗora zana a kai, ya jingina ta biyu a gefe.

A shekarar nan bai sayar da attarugu ba. Maƙwabta masu wucewa sukan ga ya bar aiki da rana tsaka yana juya zana, su ce, "Sarkin reno, me ka yafa a nan kuma?"

Yakan ce, "Wadda ba ni da sauran irinta a tsumma."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, ba ta da zurfi sosai. Na san waɗansunku suna jira in ce rana ita ce Shaiɗan, gwaiba kuma ikkilisiya ce, domin mu gyaɗa kai mu tafi gida babu abin da ya taɓa mu. Ku yi haƙuri. Rana dai rana ce, wadda take saman kwanon nan yanzu haka. Jaririya kuwa jaririya ce. Akwai guda bakwai a ɗakin nan, na ƙirga su da kunne.

Mutumin nan ba mugu ba ne, ba jahili ba ne kuma. Da jahili ne da abin ya zo da sauƙi, sai mu koya masa. Ya san cewa abu ɗanye ba ya jure rana. Ya san inuwa tana tafiya. Ya san sa'ar da take tashi. Duk ilimin da zai ceci 'yarsa yana kansa, attarugu ya ba wa. Haka muke. Babu wanda yake barin babur ɗinsa a rana bai jefa masa ko tsumma a kan kujera ba. Babu wadda take barin man shanunta a tsakar gida da azahar. Amma a goya ɗan wata uku, kansa a waje yana lilo, a yi cinikin kasuwa tun hantsi har la'asar, in an yi magana a ce, haka aka yi mana, ga mu nan. Ga mu nan, gaskiya ne. Waɗanda ba su nan ba su zo su ba da nasu labarin ba.

Shekara goma sha tara ina koyar da wannan aji na ranar Lahadi, kowace bazara kuma ina faɗin abin da malaman asibiti suke faɗa, har na gaji da jin muryata. Jariri da bai kai wata shida ba, ba a sa shi a rana, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Ko da hadari ya rufe sama, kada ku amince. Rana tana ratsa gajimare. Baƙar fata tana ƙonewa, sai dai ba ta saurin nunawa, shi ya sa muke yi mata shaidar ƙarya. In kuwa Allah ya ba ki yaro zabiya, hankalinki ya ninka. A sa masa riga marar nauyi mai rufe hannu da ƙafa, da 'yar hula mai baki. Ke kuma da kike lulluɓe goyonki ruf da tawul mai kauri don kada rana ta taɓa shi, niyyarki mai kyau ce, amma tanda kika gina masa a baya. Ki bar iska ta shiga, ki riƙe lema. In zafi ya yi yawa ki ƙara ba shi nono, ba ruwa ba, nonon ya ishe shi. Kada a shafa wa ɗan jariri man kare rana sai an tambayi asibiti. In kuka ga jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono, ya daina fitsari, maɗiga ta faɗa, ba lokacin neman abin liƙawa a ka ba ne. Ku yi addu'a, amma ku yi ta kuna tafiya.

Abu biyu nake so ku tafi da su daga lambun nan. Mutumin ya ɗaga kai ya ga bishiya, sai ya ɗauka ya ga inuwa. Tanadin da ka yi da safe ba lalle ya kai rana tsaka ba, sai ka tashi ka je ka duba da idonka. Sa'an nan ya ji shiru ya ce barci ne. Mu manya muna son shirun yara ƙwarai, ba mu cika tambayar irinsa ba. Allah da ya ba mu su bai ba su bakin cewa, "Baba, ja tabarma" ba. Mu ya ba wa ido da ƙafa.

Kafin maza su gama duban matansu, bari in ƙara kalma ɗaya. A majami'ar nan, in jariri ya yi kuka cikin sujada, masu tsaron ƙofa sukan nuna wa uwarsa hanya cikin ladabi. Takan fita ta tsaya jikin bangon yamma. Da ƙarfe tara akwai inuwa a wurin, mai faɗi, na gani. Amma wa'azinmu, albarkacin Ubangiji, ba ya ƙarewa ƙarfe tara. Makon jiya na leƙa wajen sha biyu da rabi, na ga mata huɗu sun manne da bango suna kare kan 'ya'yansu da takardar sanarwa. Taku kaɗan daga wurinsu akwai janareta, a cikin ɗakinsa mai rufin kwano da tagar shan iska, wanda muka gina cikin mako biyu domin an ce rana tana lalata shi. Maganar rumfar mata kuwa shekararta uku a gaban kwamiti. Ina cikin kwamitin, don haka ba da wani nake ba.

Ban ce a fitar da janareta ba. Yana da amfani, kamar attarugu.

Gwafanni huɗu ne da zana biyu. Na kawo zana ɗaya, tana jingine a bayan ƙofa, wataƙila kun yi tuntuɓe da ita da kuna shigowa. Ranar Asabar da safe zan zo da diga. Bayana ba ya son haƙa kamar dā, amma zan fara ramin farko, in ga ko akwai mai zana ta biyu.

Mu tashi mu yi addu'a. Gajeriya za mu yi, akwai masu jira a waje.