Telan Da Ya Faɗi Rabin Gaskiya

An yi wani mutum a nan Gyadi-Gyadi, tela ne. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye, kuma 'ya'yansa suna sallah a sahu ɗaya da mu. Shagonsa yana cikin layi, ba nisa da titin Zariya. Akwai benci a ƙofar shagon, da rediyo a kan taga wadda ba a kashe ta sai lokacin sallah.

Shi ba malami ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba. Abin da aka san shi da shi adalci ne a magana. Bayan La'asar mutane sukan cika bencinsa: direbobi, 'yan adaidaita sahu, leburori, da maƙwabcinsa Obiechina mai sayar da kayan gyaran mota, wanda a Kano ya tashi. Idan gardama ta kaure a kan shugaban ƙasa na lokacin, masu yabo suna ɗaga murya, masu suka suna ɗaga tasu, a ƙarshe wajen tela ake juyawa.

Shi kuma ba ya ɗaga kai daga ɗinki. Sai ya ce, "Titin da ya yi, ya yi. Da can kwana ake a hanya, yanzu ka je ka dawo. Wanda ya ce bai gani ba bai yi adalci ba. Amma kwanon masara fa? Ku je ku tambayi matanku."

Masu yabo su tashi da haushin rabin maganar, masu suka su tashi da haushin ɗaya rabin. Washegari duk su dawo. Obiechina yakan tsokane shi, ya ce, "Malam, kai ba ka da jam'iyya, shi ya sa har yanzu da ƙafa kake zuwa shago."

A shekarar ƙarshe ta wa'adin shugaban, wani jami'in jam'iyya mai mulki a Tarauni, mai suna Lawan, ya ji labarinsa. Ya kai shi wani gidan rediyo, a shirin da ake bajekolin ayyukan gwamnati. A fitowar farko tela ya yi yadda ya saba. Ya faɗi alheri, ya faɗi gazawa.

Da suka fito, Lawan ya ce masa, "Baba, ka yi ƙoƙari. Mu fa ba mu ce ka yi ƙarya ba. Alherin nan da ka lissafa, ba gaskiya ba ne? To ka tsaya a kansa. Sauran akwai masu faɗa, har sun yi yawa." Sannan ya yi masa maganar kujerar aikin Hajji.

Ya 'yan uwa, ku lura da abin da aka saya. Jam'iyyar tana da sojojin baka, masu kwana suna yabo a rediyo, kuma kowa ya san aikinsu ke nan, ba mai ɗora rayuwarsa a kan maganarsu. Ba bakin tela suke buƙata ba. Yardar da mutane suka yi masa suke buƙata.

Mutumin nan ya daɗe yana burin zuwa Makka. Ya yi nazari, ya ga ba a nemi ya faɗi ƙarya ba. Ya amince.

Daga nan shirinsa ya canza. Yana faɗin tituna da gadoji da makarantun da aka gyara, kuma duk abin da ya faɗa an yi shi. Tsadar abinci ba ta ƙara fitowa daga bakinsa ba. Matasan da suka gama karatu suna zaune, ba su ƙara fitowa ba. Idan aka zo maganar tsaro, sai ya ambaci wuraren da aka samu sauƙi ya yi shiru.

A cikin masu zama a bencinsa akwai Isyaku. Manomi ne daga wani ƙauye a wata jiha maƙwabciya, 'yan bindiga ne suka koro shi. Ya kama ɗaki a Unguwar Gano da matarsa Saratu da yaransu, yana tuƙa adaidaita sahun wani, yana lodi a bakin kasuwar Tarauni. Zaman birni bai karɓe shi ba. Kullum maganarsa gonarsa da ta koma saura.

Gab da faɗuwar damina Isyaku ya zo shagon. Lawan yana zaune a bencin cikin mutanen da suka saba taruwa, ya zo karɓar ɗinki. Isyaku ya durƙusa ya gaida tela, ya ce, "Baba, na ji ka jiya, ka ce wajenmu an samu lafiya. Ni duk masu maganar rediyon nan ban yarda da kowa ba sai kai. Tsakani da Allah, in koma gida in yi noma?"

Ga abin da tela ya sani a ranar. Direbobin da ke zama a bencinsa sun gaya masa an zuba jami'an tsaro a babbar hanyar yankin, motoci suna wucewa da rana ba fargaba. Su ɗin dai sun gaya masa cewa ƙauyukan da ke nesa da kwalta ba abin da ya canza, har a gona ake ɗaukar mutane. Ya san ƙauyen Isyaku yana nesa da kwalta.

Ya dubi Isyaku, ya dubi Lawan. Ya ce, "An zuba jami'ai a hanyarku. Motoci suna wucewa lafiya. Wannan na tabbata."

Isyaku ya ce, "Shi ke nan, Baba. Tunda kai ka faɗa."

Bayan sun watse, Obiechina ya leƙo shagon, ya ce, "Malam, ba ka ƙarasa masa maganar ba."

Tela ya ce, "Abin da na faɗa ƙarya ne?"

"A'a."

"To."

Ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Da sauran dama a lokacin. Unguwar Gano ba nisa. Isyaku bai tafi a ranar ba, sai da ya mayar wa mai adaidaita sahu kayansa, ya sallami mai gida, ya nemi iri. Me zai hana tela ya bi shi gida, inda babu Lawan, ya gaya masa sauran? Bai je ba. Yana shirin tafiya, ana ta kiransa Alhajin bana. Ya ce wa ransa Isyaku ba yaro ba ne, zai yi nasa binciken.

Isyaku bai yi wani bincike ba. A ganinsa ya riga ya yi.

Tela ya tafi Makka ya dawo. Aka kafa rumfa a ƙofar gidansa, aka fito da dabino da ruwan zamzam. Mutanen Lawan suka zo barka da sauka. Mutanen benci ba su zo ba, sai Obiechina shi kaɗai. Ya jira aka ragu, sannan ya gaya masa: an harbe Isyaku a gonarsa yana noman farko, shi da wasu manoma. Saratu ta dawo Kano da yaran a bayan motar kaya, suna raɓe a gidan wata 'yar uwarta a Daurawa.

Babu wanda ya zagi tela. Babu wanda ya jefi shagonsa. Mutane da yawa sun ji tambayar da Isyaku ya yi, sun ji amsar da aka ba shi, kuma direbobin sun san abin da suka gaya masa. Sai kawai bencin ya koma ba kowa. Masu kawo ɗinki suka fara kai yadinsu wani layi. A masallaci a amsa sallamarsa a taƙaice.

Jam'iyya ma ba ta daɗe da shi ba. Tunda mutane sun daina yarda da shi, ya zama ɗaya daga cikin sojojin baka, kuma akwai waɗanda suka fi shi iya aikin. Bayan zaɓe Lawan ya daina ɗaga wayarsa. Sai tela ya juya, ya shiga sukar tsohon shugaban, yana cewa bai tsinana komai ba, har titin da shi da bakinsa ya yaba. Wannan ma rabi ne. Ba wanda ya saurare shi. Daga baya ya rufe shagon.

Ya ɗauki lokaci kafin ya iya zuwa Daurawa. Da ya je, Saratu ta tsaya a bayan ƙofar zaure. Ya yi mata ta'aziyya, ya nemi ta yafe masa. Ya ƙara da cewa shi dai Allah ya sani bai yi ƙarya ba.

Ta ce, "Alhaji, ni ban so komawa ba. Na ce masa mu ƙara haƙuri ko da shekara ɗaya. Ya ce Baba tela ya ce lafiya lau. Da wani ne ya faɗa, da na ci gardamar."



Sannan ta ce, "Ajali ne, na sani. Nawa haƙƙin na bar wa Allah. Na yaran nan kuma ba ni da ikon yafewa. Ka jira su girma, ka tambaye su."

Ƙaraminsu a lokacin yana goye a bayanta. Tela ya haura shekara sittin.

Ya 'yan uwa, ba tela ne ya harbi Isyaku ba. Jininsa yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, kuma kwanansa ne ya ƙare. Amma an tambayi mutumin nan da sunan Allah, ya san abu biyu, ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya, saboda wanda ke zaune a bencinsa. Me zai ce ranar da za a tambaye shi wanda ya ɓoye?

Allah ya hana mu tauye mudu. Mukan ɗauka hukuncin na masu awon hatsi ne a kasuwa. Wanda aka ce ya auna mulkin shugaba, shi ma mudu aka ba shi. Idan ka lissafa alherinsa ka ɓoye gazawarsa don kana cin moriya, ka tauye. Idan ka lissafa gazawarsa ka shafe alherinsa don ba ka ƙaunarsa, ka tauye. Dukkanmu muna yin ɗaya daga cikin biyun nan, a majalisa, a rediyo, a waya, muna ɗauka hira ce. Ba mu san wanda ke saurare ba. Wani da maganarka zai zaɓi wanda zai mulke shi. Wani da ita zai ɗauki iyalinsa ya kama hanya.

Idan ka sani, ka faɗa duka. Idan ba za ka iya faɗa duka ba, ka ce ba za ka yi magana ba, mutum ya je ya tambayi wani.

Allah ya jiƙan Isyaku, ya raya abin da ya bari. Allah ya karɓi tuban bawan nan nasa, ya sassauta masa. Allah ya ba shugabanninmu ikon adalci, ya ba mu ikon yi musu adalci. Allah ya kiyaye mu da harsunanmu. Amin.