Motar da Ba Ta Taɓa Zafi Ba

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Irmiya. Yana da tsohuwar mota a-kori-kura, shekararta goma sha shida a hannunsa. Da ita yake kai dankali da kabeji kasuwa. Ba ya gudu da ita, ba ya ba kowa aronta.

Matarsa Damaris kuwa tana fama da ciwon ƙoda. Kowace Litinin da Alhamis sai an kai ta asibitin birni an wanke mata jini. In aka tsallake ko sau ɗaya, ƙafafunta su kumbura, numfashi ya gagare ta. Motar haya ba ta shiga ƙauyensu sai ranar kasuwa, Damaris kuma ba ta iya zaman babur. Bayan Allah, wannan tsohuwar mota ce ke riƙe da ita.

Ana nan sai hukumar birnin ta kafa doka, cewa duk motar da za ta shiga gari sai an gwada hayaƙinta an ba ta takarda. Wadda ta kāsa, a ba ta kwana goma a gyara ta. In ta sāke kāsawa, a cire lambarta, ta zauna a gida wata uku.

Irmiya bai damu ba. Wata Litinin ya sauke Damaris a asibiti, ya wuce wurin gwaji. Wata ma'aikaciya ta zura wani dogon ƙarfe a cikin salansar motar, ta duba na'urarta, ta girgiza kai.

Ta ce, “Baba, motarka ba ta ci ba.”

Ya ce, “'Yata, duba da kyau. Ina hayaƙin? Ni ban ga kome ba.”

“Abin da na'urar nan take shaƙa, ido ba ya ganinsa. Man da kake zuba mata ba ya ƙonewa sarai. Ka dawo nan da Alhamis ta sama. In ta sāke yin haka, ba abin da zan iya yi maka.”

Irmiya ya karɓi takardar, ya naɗe ta, ya tura cikin hula. Wata uku. Ya tsaya a rana yana lissafa Litinin nawa ne da Alhamis nawa a cikin wata uku. Da ya koma ɗaukar Damaris, ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce mata layi ne ya yi yawa, sai wani mako.

Kashegari ya tafi tasha wurin direbobi neman shawara. Suka yi masa caa.

Wani ya ce, “Baba Irmiya, ai motar nan ta girmi yarinyar da ta gwada ta. Da ta rusuna ta gaishe ta ma tukuna.”

Wani ya ce, “Ka kai ta coci ranar Lahadi a ɗora mata hannu.”

Wani ya matso kusa ya rage murya. “Ka naɗe ɗan goro a cikin takardar, ka miƙa.”

“Na'ura ba ta cin goro,” in ji na farkon. “Ni dai abin da na sani, a cusa soson ƙarfe a salansa. Shi zai tare baƙin.”

Irmiya ya bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, ban da ta goron. Ya zuba mata baƙin mai mai kauri. Ya wanke injin da omo har yana ƙyalli. Ya shafa wa salansa farin fenti. Kowace safiya sai ya tā da motar, ya tsuguna a bayanta, ya sa hanci. Warin ɗanyen fetur yana nan yadda yake. Abinci ya daina shiga masa. In Damaris ta yi tari a ɗaki, sai ya tashi ya leƙa ta.

Ranar Litinin da yamma, bayan sun dawo daga asibiti, ya shiga kicin a ɓoye ya ɗauko soson ƙarfe. Ya cusa shi a salansa da sanda, ya tā da mota, ya taka totur. Motar ta yi gurnani, ta shaƙe, sai fau! Soson ya fito kamar harsashi, ya bugi garun akurki, kaji suka watse.

Damaris ta fito tana dafa bango. Ta dubi abin da ke ƙasa, baƙi ƙirin.

Ta ce, “Baban Ƙauna, soson tukunyata ke nan?”

Ta ɗago ta dube shi.

“Ba layi ba ne ya yi yawa, ko?”

Ya cire hula, ya ciro takardar, ya miƙa mata. Ta karanta a hankali har ƙarshe.

“Kwana nawa ya rage?”

“Uku.”

Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, “Ka tafi wurin Malam Gambo.”

Malam Gambo tsohon bakanike ne a garin kasuwa. Irmiya ya daɗe da daina zuwa wurinsa, domin mutumin bai iya magana mai daɗi ba. In ya buɗe inji, abin da ya gani shi zai faɗa, ko a gaban wa. Amma yanzu ba sauran wurin zuwa.

Ranar Talata Irmiya ya isa garejin. Malam Gambo ya saurari labarin bai ɗaga kai ba. Sa'an nan ya buɗe murfin inji, ya kama babban tiyon da ke kai ruwa lagireto, ya riƙe shi.

Ya ce, “Daga ina ka taso?”

“Daga gida.”

“Tafiyar rabin awa. Ga hannuna a kan tiyo, bai ƙona ni ba.”

Irmiya ya ɗan miƙe ƙirji. “Malam, motata ba ta taɓa zafi ba. Shekara goma sha shida, allurar da ke nuna zafin inji ba ta taɓa tashi daga ƙasa ba.”

“Kana faɗa kamar abin kirki ne.”

Malam Gambo ya ɗauko sifana, ya kwance wani ɗan murfi inda tiyon ya haɗu da inji. Ya zura yatsa. Wayam.

“Ina abin da ke zaune a nan?”

Sai Irmiya ya tuna. Lokacin da ya sayi motar, ya ga allurar zafi ta hau har tsakiya, tsoro ya kama shi. Wani bakanike na bakin hanya ya ce masa akwai wani ɗan ƙarfe a ciki, tamosta ake ce masa, don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu nan rana ta ishe mu. Irmiya da bakinsa ya ce a cire. Aka cire aka jefar. Tun daga ranar allura ta kwanta, hankalinsa ma ya kwanta.

Malam Gambo ya ce, “Wanda ya ƙera motar nan ya fi ka sanin rana. Ɗan ƙarfen nan ƙofa ce. Shi ke tsare ruwa har inji ya ɗauki zafin da ya dace da shi, sa'an nan ya buɗe. Ka cire ƙofa, ruwa yana ta yawo, inji yana aiki cikin sanyi. Je ka dubi murhun matarka. Yaushe yake hayaƙi, in wuta ta kama, ko in ba ta kama ba?”

“In ba ta kama ba.”

“To, shekara goma sha shida wutarka ba ta kama ba. Kai kuma kana shafa wa salansa fenti kamar amarya.”

Waɗanda ke zaune a benci suka yi dariya. Irmiya ya haɗiye fushinsa.

Ya ce, “Malam, za ta gyaru kafin Alhamis?”

“In an samu irin nata. Motar ta tsufa.”

A ranar Malam Gambo ya juye wancan mai mai kauri, ya sa mata na daidai, ya canja fulogogi waɗanda suka yi baƙi kamar gindin tukunya. Ranar Laraba ya hau babur ya tafi birni neman ɗan ƙarfen. Irmiya ya wuni a ƙofar gida yana duban hanya. Duk babur da ya ji, sai ya miƙe. Rana ta faɗi, Malam Gambo bai zo ba.

Sai da hantsin Alhamis ya iso, ƙura har gira. Shago bakwai ya shiga kafin ya samu. Abin bai fi murfin kwalba girma da yawa ba. Ya sa shi a mazauninsa, ya ɗaure, ya cika ruwa.

Ya ce, “Saurara. Allura za ta tashi. Kada ka kashe. A hawan dutse ka taka ta sosai, ba irin tafiyar jana'izar da ka saba ba. In allura ta shiga ja, ka tsaya. In ba ta shiga ba, ka ci gaba. In ka isa layi, ka bar ta a kunne.”

Irmiya ya sa Damaris a gaba, ya jingina mata matashi, suka kama hanya.

Ba su yi nisa ba allura ta motsa. Irmiya ya gani. Ta bar inda take kwance shekara da shekaru, ta fara hawa. Da suka shiga dogon hawan da ke kai wa birni, ya taka totur yadda aka ce masa. Injin ya yi ƙara irin wadda bai taɓa ji ba. A madubi ya ga baƙin hayaƙi yana tuɗaɗowa a bayansu. Allura tana hawa. Wani wari mai zafi ya shigo ta taga.

Zufa ta keto masa. A ransa yana cewa: in injin nan ya buga a kan dutsen nan, ba wata uku ba ne, har abada ne. Wa zai ɗauki Damaris daga nan? Hannunsa ya bar sitiyari ya nufi makulli.

Damaris ta kama hannun.

“Ta shiga ja?”

“Tana hawa, Maman Ƙauna.”

“Na ce ta shiga ja?”

“Tukuna.”

“To, mai da hannunka.”

Ya mayar. Suka ci gaba da hawa, idonsa ɗaya a hanya, ɗaya a allura, leɓunansa suna motsi. Allura ta kai tsakiya. Ta ɗan gota kaɗan. Sa'an nan ta dawo, ta tsaya cak. Suka gama hawan tana nan a tsakiya. Da ya sāke duba madubi, hayaƙin ya tsagaita.

A wurin gwaji motoci tara ne a gabansa. Kowa ya kashe tasa, shi ya bar tasa tana aiki. Da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar ta zura ƙarfenta, ta dubi na'ura. Ta daɗe tana duba. Irmiya ya riƙe ƙofar mota yana jira.

Ta ce, “Baba, da kyar ne, amma ta ci. Me ka yi mata?”

Ya ce, “Na mai da abin da na cire.”

Kafin azahar Damaris tana kwance a gadonta na asibiti.

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan ran mutum ce. Ɗan ƙarfen kuwa shi ne lamirin da Ubangiji ya sa a cikin kowa, da kuma tsautawar da yake aiko mana ta bakin 'yan'uwa. Aikinsu su sa mu ji zafi in mun yi ba daidai ba. Ba don su hallaka mu aka sa su ba. Mahaliccinmu ya san iyakar zafin da za mu iya ɗauka, ya kuma san lokacin buɗe ƙofa.

Da yawa a cikinmu sun cire nasu tun da daɗewa. Wani an tsauta masa sau ɗaya a kan shan giya, ya canja coci. Wata an yi mata magana a kan gulma, ta daina zuwa zumuntar mata. Wani ya daina gaida dattijon da ke faɗa masa gaskiya. Yanzu sai ka ji yana cewa, “Ni zuciyata ba ta damuna da kome.” Ɗan'uwa, wannan ba lafiya ba ce. Sanyi ne. Hayaƙinka kuwa kai ba ka ganinsa, matarka da 'ya'yanka su ke shaƙa.

Fenti da soso su ne farar rigar Lahadi da ɗaga murya a waƙa. Ba laifi ba ne a sa riga mai tsabta. Amma ranar gwaji ba rigar za a duba ba, abin da ke fitowa daga ciki za a auna. Mai aunawar kuwa ba ya karɓar goro.

Ku lura kuma, ba Irmiya ne yake kwance a asibiti ba. Abin da ya cire don hankalinsa ya kwanta, a kan Damaris ya kusa faɗawa. Haka zunubin da muka ƙi gyarawa yake. Ba mu kaɗai yake ci ba.

Saboda haka, in akwai wanda ka daina zuwa wurinsa domin maganarsa tana ƙona ka, ka je wurinsa a makon nan. Ka zauna, ka rufe baki, ka ji. Za ka ji zafi, zuciyarka za ta ce maka ka tashi ka tafi. Kada ka tashi. Irmiya an gaya masa kwana goma yake da su. Kai ba wanda ya gaya maka naka.