Kunnen Malam Sallau

Iyayena da yayyena na wannan ƙungiya ta masu aikin ƙarfe, assalamu alaikum. Ba zan ɓoye muku ba, a tsorace na tashi. An ɗora mini yin wannan nasiha ne saboda takardar difloma da na samo, alhali a cikinku akwai waɗanda suka riƙe guduma tun ba a haife ni ba. Sai dai akwai abin da ya fi tsayuwa gabanku ba ni tsoro, shi ne rayukan da ke hawa kan abin da hannuwanmu suka ƙera. Ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah da ake kira Malam Sallau. Mahaifinsa maƙeri ne mai zuga-zugi, fartanya da lauje kawai yake yi. Shi Sallau ya ƙara injin walda. Ɗansa Mudi ya kawo injin feƙe ƙarfe, rumfa ta zama shago, shago ya cika da ma'aikata, har manyan motoci suka riƙa layi a ƙofarsu.

Gidan yana da wata al'ada da suka gada. Ƙarfe ba ya fita sai an rataye shi, dattijon gidan ya buga masa guduma, ya kasa kunne. Lafiyayyen ƙarfe amonsa dogo ne. Wanda ke da tsaga a ciki kuwa, amon yankewa yake yi. Saboda kunnen Malam Sallau direbobi ke tsallake shaguna su zo nan.

To jama'a, ƙarar injin da ta ɗaukaka gidan, ita ce ta riƙa cin kunnen tsohon a hankali.

Wata rana aka gyara shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, na wata babbar mota mai kai mutane kasuwa ta hanyar gangaren dutse. Aka rataye, Malam Sallau ya buga. Ya ga ƙarfe yana rawa, amma bai ji komai ba. Ma'aikata na kallonsa, direba na kallonsa. Kunya ta kama shi, ya gyaɗa kai. Aka ɗaura, mota ta tafi tasha.

Bai iya cin abincin rana ba. Gangaren nan kawai yake gani, da mata masu goyo a bayan mota. Ya kira ɗansa gefe.

"Mudi, ban ji ba."

"Me ne ne ba ka ji ba, Baba?"

"Amon ƙarfen. Kai kawai na gyaɗa."

Mudi ya waiga, ya rage murya. "Baba, don Allah ka bar maganar nan tsakaninmu. Ni na feƙe shaf ɗin da hannuna, lafiyarsa lau. In gari ya ji kunnenka ya tafi, wa zai sake kawo mana aiki?"

"Kai ka feƙe bayansa. Wa ya ji cikinsa?"

Ku saurara da kyau. Tsohon nan ya ɗauki sandarsa, ya nufi tasha. Ya tarar an gama lodi, direba Ɗan'asabe ya tada inji. Ya tsaya a gaban motar.

"Baba, lafiya? Matsa mana, rana na yi!"

"Ɗan'asabe, sauke mutanen nan. Shaidar da na ba ka ɗazu ba shaida ba ce. Kunnena ya mutu, ban ji ƙarfen ba."

Tasha ta ɓarke da surutu. Wata mai kayan miya ta ce, "Ashe kurma ke duba mana mota!" Aka sauke fasinja suna mita, aka kwance shaf, aka rataye a reshen bishiya. Mudi, wanda ya biyo mahaifinsa, ya karɓi guduma ya buga. Amo ya fita dogo, tas, babu tsaga ko kaɗan.

Ɗan'asabe ya ce, "To Baba, ka ɓata mana kasuwa, ka tona wa kanka asiri, a banza."

Malam Sallau ya ce, "Yanzu an sani. Ɗazu ba a sani ba."

Daga ranar bai sake buga ƙarfe ba, guduma ta koma hannun Mudi. Wasu direbobi suka ƙaurace, wasu suka dawo daga baya. Jikokinsa suka faɗaɗa shagon har suka sayi na'urar gwajin ƙarfe.

Ga abin da ke firgita ni. Da ya yi shiru, motar lafiya za ta isa, babu mahalukin da zai sani. Kuma gobe zai sake gyaɗa kai, jibi ma haka, har ranar da ƙarfe mai tsaga zai zo. Allah kuwa Ya ga gyaɗa kan farko. Gaskiyar mai sana'a ita ce kada ya shaida abin da bai tabbatar ba, ko da ya dace da daidai. Wannan ya shafi mai ɗaura birki, ya shafi mai walda tankin mai, ya shafe ni.

Don haka ku zama shaiduna. Daga yau, duk aikin da ban gwada da kaina ba, ko maigidana ne ya tsaya a kaina, ko ɗayanku ne, zan buɗe baki in ce ban tabbatar ba, kada a ɗaura. Allah Ya ba mu ikon faɗa.