Jatau Maɗori da Hannun Cindo

An yi wani mutum a wani gari, can baya, zamanin da asibiti sai a birni. Sunansa Jatau, sana'arsa ɗori, kuma gadonta ya yi tun daga kakanni. In ƙashi ya karye ko ya goce, in an yi targaɗe, in baya ya riƙe wa manomi, zauren Jatau ake nufa. Ya shafa, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Bawan Allah ne marar hayaniya, kuma hannu irin nasa ba kowane gari ke da shi ba.

To ku saurara, jama'a. A gidansu akwai al'ada: in an kawo mai karaya, sai a kama kaza a karya mata ƙafa, a ɗora su tare. In kaza ta taka, an ce mutum ma ya warke. Haka suka tarar, haka suke yi.

Wata rana aka kawo masa Cindo masaƙi, ya faɗo daga kan jaki ya karye a hannun dama. Jatau ya ɗora, ya ɗaure tamau yadda ubansa ya koya masa. Kwana uku Cindo ya dawo yana cewa yatsunsa sun kumbura, sun yi sanyi, ba ya jin su. Jatau ya leƙa tsakar gida, ya ga kazar tana ɗingishi tana kiwonta, sai ya ce masa ya yi haƙuri, ai ga abokiyar ɗorinsa har ta fara takawa. Kun ji ko? Ya duba kaza, bai duba mutum ba. Kafin mako ya zagayo yatsun sun yi baƙi, aka kai Cindo birni, aka yanke hannun daga gwiwa.

Gari duka ya ce ƙaddara ce. Cindo ma haka ya ce, ya ajiye saƙa ya koma tsaron awaki. Mutum ɗaya ne ya san ɗaurin ne ya hana jini tafiya, shi ne Jatau. Daga ranar ya bar kaji suka huta. In ya ɗaure sai ya zura yatsa ƙarƙashin ɗaurin, in bai shiga ba ya sassauta. Ya danna farcen majinyaci ya ga ko jini zai dawo. Amma dalilin wannan canji, bai gaya wa kowa ba, kuma abin ya ci gaba da cin sa a rai har shekara goma sha biyu.

Sai ga wata likita, Saratu, ta zo daga birni tana bincike a kan masu gyaran ƙashi da hannu. Tana son sanin yadda suke ja, yadda suke tausa, yadda suke ɗauri, da abin da ya sa ake yawan kai wa asibiti hannaye da ƙafafun da sai dai a yanke. Sarkin ɗori na yankin, Mati, ya tara maɗora tun kafin ranar da za ta gana da su. Ya ce kowa ya kama bakinsa, in ta tambayi ko ɗori ya taɓa ɓaci a ce bai taɓa ba, don wannan suna shi ne abincinsu da na 'ya'yansu.

Jatau ya san Mati bai yi ƙarya ba a kan suna. Maɗori ba shi da shago, ba shi da takarda, sunansa kaɗai yake da shi. Amma ya tuna akwai masu ɗaure tamau a kowane ƙauye, suna leƙen kaji. Da hantsi ya tashi ya nufi inda Cindo ke kiwo.

Ya ce, "Cindo, akwai maganar da zan faɗa wa baƙuwa gobe, kai ya kamata ka fara jin ta. Hannunka ni na ɓata shi. Na matse ɗauri, ka zo ka gaya mini, ban kwance ba."

Cindo bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya kora awakinsa ya tafi.

Washegari maɗora suka zauna a ƙofar gidan Mati. Likita ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi hannunsa bai taɓa kuskure ba. Mutum talatin, 'yan'uwa, duk ba mai kuskure, sai ka ce ba 'yan Adam ba. Da ta iso kan Jatau ta ce, "Baba, kai fa?"

Ya ce, "Rubuta, 'yata. Ni na taɓa. Rubuta yadda na yi, don kada wani ya sake."

Ya zayyana mata komai, ɗaurin da kumburin da kazar. Sannan ya kama hannunta ya nuna mata yadda yake zura yatsa da yadda yake danna farce, da alamun da in ya gani yake cewa a wuce asibiti yanzu. Mati ya murtuke fuska, sauran suka sunkuyar da kai. Likita ta ce wata huɗu tana yawo, yau ne ta ji abin da ta fito nema. Daga baya ta bi ƙauyuka tana koya wa maɗora wannan gwaji na yatsa, tana faɗin daga bakin wa ta samo shi. Allah kaɗai ya san hannaye nawa suka tsira.

Kada ku ɗauka abin ya zo wa Jatau da sauƙi. Labari ya bazu, zaurensa ya yi tsit damina guda, har waɗanda ya warkar suka riƙa kewaye ƙofarsa. Ya jure, bai janye ko kalma ɗaya ba.

Bayan kaka, ran nan sai ga sallama. Cindo ne, da matarsa Ladi a bayansa, ta zame a bakin rijiya ta karye a hannu. Jatau ya ce masa ga gidan Mati nan kusa, in hankalinsa zai fi kwanciya.

Cindo ya ce, "Su sun ce ba su taɓa kuskure ba, to ba su san inda yake ba ke nan. Kai ka san inda yake. Ɗora mata."

Jatau ya ɗora, ya ɗaure, ya zura yatsa. Sai ya ce Cindo ma ya zura nasa ya ji. Cindo ya miƙa hannun hagu, wanda ya rage masa, ya zura, yatsan ya shiga.

Wallahi ina alfahari da cewa ƙasarmu ta haifi irin wannan mutum. Darasin a fili yake: wanda ya faɗi kuskurensa don ya tsare bayin Allah, shi ne mai amana, kuma shi ake komawa wurinsa a ƙarshe. Kai makanike, kai magini, ke ungozoma, kai mai sayar da magani, kowannenmu yana da aikin da ya ɓata ya laƙa wa ƙaddara. Ka san naka, ka kuma san wanda abin ya faɗa wa. In yana raye, tashi ka same shi tun yau. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu za ta faɗa.